Tela a Kan Dutsen Shere

Shekara talatin ina taka keken ɗinki a Dilimi,
ƙafa na tafiya, ni ina zaune.
In na ɗaga kai zan zura zare a allura
sai in hango Shere can gabas,
shuɗi, kamar shaddar da almakashi bai taɓa ba.
Na ce, wata rana.
Har wata ranar ta yi furfura.

Yau ana sallame sallar asuba
Izang ya tsaya da babur a ƙofar gida.
Ya dubi takalmina, ya dubi tumbina,
ya ce, "Ka dai riƙo ruwa?"

Bayan Lamingo muka rabu da kwalta.
Acca ta sunkuya, raɓa ta yi mata nauyi,
ƙerana ta ja shinge tsakanin gona da gona.
Wata tsohuwa mai tonon dankali ta ce, "Baba, sai ina?"
Na nuna sama da haɓa.
Ta yi dariya har ta saki fartanya.

Dutse ba ya amsa sallama.
Hawan farko ya karɓe numfashina,
na biyu ya ce in miƙo gwiwa.
Zuciya na bugun ƙirji
kamar mai bin bashi ya ji motsina a ɗaki.
Wajen hantsi na koma rarrafe,
ni da nake da jikoki huɗu.
Rema ta leƙo daga tsaguwar fā,
ta ƙare mini kallo, ta koma ba da labari.

"Saura kaɗan," in ji Izang.
Sau bakwai ya faɗa, na ƙirga.
Sai na tuna Malam Ɗanjummai da babbar rigarsa,
mako shida ina ce masa ya dawo jibi.
Ashe alhaki a nan ya zauna yana jirana.

Muka zagaya wani dutse mai kama da turmi a kife,
kwatsam, ga ruwa.
Tafki, a nan sama, inda ko akuya sai ta yi shawara.
Shiru, ba ko igiya a fuskarsa,
gajimare kwance a ciki kamar audugar da aka jiƙa aka manta.
Na sa hannu, ya cije ni har ƙashi.
Na yi alwala haƙora na haɗuwa.
Muka raba dabino biyar da ƙuli-ƙuli,
ya ɗan matsa gefe, ya tsare mini takalmi, na yi Azahar.

Na ce nan ya ishe ni.
Ya ce, "Ka taɓa ba mutum riga ba wuya?"

To.

Abin da ya rage ba hanya ba ce,
yatsu ne, da faratai, da sunan Allah.
Ban dubi ƙasa ba. Na dubi duddugen Izang kawai
har duddugen ya tsaya.

Iska ta cika mini riga, ta nemi hulata.
Ga Jos a zube
kamar ƙyallayen da nake sharewa daga ƙarƙashin tebur:
kore nan, ja can, rufin kwano na ƙyalli,
tsoffin ramukan kuza cike da sama.
Na nemi shagona.
Na bi titi da ido, na ɓata, na sake bi.
Da na miƙa hannu
farcen babban yatsana ya rufe unguwar duka,
da shekaru talatin ɗin, da masu jiran ɗinki.
Ban san dalili ba, dariya ta kama ni,
ta ƙi saki sai da ta jiƙa mini gemu.

Gangara ta fi hawa mugunta.
A tsakiyarta takalmin Izang ya buɗe baki.
Na zare allura daga bakin hula,
inda take kwana tun ina yaron shago.
Ya zauna a kan dutse, ƙafa ɗaya a sama,
na ɗinke masa kafin rana ta faɗa bayan Naraguta.

Wannan kam ban ce jibi ba.